Allurar majinyaci ta soke ni a cikin mota, abokin aikina ya ce in yi shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne, ina bin motar ɗaukar marasa lafiya a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Daren jiya mun ɗauko wani da mota ta kaɗe, ya zubar da jini sosai. Ina cikin saka masa kanula domin ƙarin ruwa sai motarmu ta faɗa rami, tsinken da na zaro daga jijiyarsa ya huda safar hannuna ya shige ɗan yatsana. Na matse wurin har jini ya fita, na zuba Jik, na ci gaba da aiki. Abokin aikina ya ce kada in faɗa wa kowa, za a ce sakaci ne, kuma shi ma ya sha soke kansa bai ga komai ba. Rigakafin ciwon hanta sau ɗaya aka taɓa yi mini, shekara uku ke nan. Maiɗakina tana da ciki wata biyar. Ban runtsa ba. Me zan yi, kuma me zan ce mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare, ya ba majinyacin lafiya. Ka tashi ka tafi asibiti yanzu, ka ƙarasa karanta wannan kana zaune a bencin jira. Akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki bayan irin wannan hatsari, ana ce masa PEP, amma yana da wa'adi. An fi so a haɗiyi ƙwayar farko cikin awannin farko, kuma bayan awa 72 ba a ba da shi, don ba ya ƙara amfani. Tun daren jiya ake ƙirga maka.

Ka nufi asibitin gwamnati mai sashen kula da masu ƙanjamau. Idan dare ne ko ƙarshen mako, ka shiga sashen gaggawa. Kada ka bi layin yankar kati ka yi shiru. Ka samu nas ɗin da ke kan aiki ka ce mata: allurar da aka zaro daga jijiyar majinyaci ta soke ni ƙarfe kaza, ina neman PEP. Abin da ake bayarwa a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya ce da ta haɗa magani uku, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ana kiranta TLD. Sau ɗaya ake sha a rana, kwana 28 cif. Ba a jiran sakamakon gwajin majinyacin kafin a sha ta farko. A sha, sannan a bi sawun gwaji. Idan aka gwada shi da yardarsa ko ta danginsa aka ga ba ya ɗauke da ƙwayar, likita na iya cewa ka dakata. Idan ya rasu, ko an wuce da shi wani asibiti ba a same shi ba, ka ƙarasa kwanakin.

Ga lissafin, don hankalinka ya ɗan kwanta. Ko da an tabbatar majinyacin yana da ƙanjamau, cikin mutum 1,000 da irin wannan allura ta soke, kimanin 3 ne ke kamuwa, kuma wannan ba tare da magani ba ne. Naka yana ɓangaren da ya fi nauyi, gaskiya, domin tsinken mai rami ne, daga jijiya ya fito, da jini a cikinsa. Waɗannan, da zurfin sukar, da yawan ƙwayar a jinin majinyaci, su ne ke ƙara hatsarin. Amma wani bincike da aka wallafa a 1997 kan ma'aikatan lafiya ya nuna cewa shan maganin ƙanjamau mai suna zidovudine shi kaɗai ya rage kamuwa da kusan kashi 81 cikin 100, kuma haɗin da ake bayarwa yau ya fi shi ƙarfi, ya fi shi sauƙin sha.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka shi ne layin da ka rubuta kamar ba komai ba: rigakafin ciwon hanta sau ɗaya. Kowa ƙanjamau yake tsoro, alhali ciwon hanta nau'in B shi ne ya fi kama ma'aikata ta wannan hanya. Idan majinyacin yana ɗauke da shi kuma wanda aka soka ba shi da kariya, hatsarin yana kamawa daga kashi 6 har zuwa kashi 30 cikin 100. Ka haɗa wannan da yawan masu shi a ƙasar. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, yayin da ƙanjamau ya tsaya a kashi 1.4. Wato a cikin mutum 12 ko 13 da za ka ɗauko daga bakin titi, akwai yiwuwar ɗaya yana da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Sai a 2004 aka shigar da allurar nau'in B cikin rigakafin jarirai a Najeriya, don haka duk wanda aka haifa kafin nan ba shi da ita sai idan shi ya nema da kansa.

Allura ɗaya ba ta isa a dogara da ita ba, amma ba ta ɓace ba. Ba a sake farawa daga farko. Yau a yi maka ta biyu, ta uku kuma bayan aƙalla mako 8. A dantse ake yin ta. Idan aka ce za a yi maka a ɗuwawu ka ƙi, domin kitsen wurin yana rage aikinta. Ka karɓe ta a wurin da ka tabbata ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 8. Wadda ta daskare ta lalace, wadda ta kwana a kan kanta a shagon magani mara wuta ma ba abin yarda ba ce. Sannan ka tambayi likita batun HBIG, wato garkuwar da aka riga aka haɗa, wadda ke aiki nan take kafin jikinka ya ƙera tasa. Ga wanda bai kammala rigakafi ba, idan majinyacin yana da nau'in B ko ba a san matsayinsa ba, ana yin ta bisa nauyin jiki, mililita 0.06 ga kowane kilo, an fi so cikin awa 24, kuma bayan kwana 7 ba a sa rai da amfaninta. Mai kilo 70 zai buƙaci mililita 4.2 ke nan. Tana da tsada, ba ko'ina ake samu ba. Idan ba a samu ba kada hakan ya hana a yi maka rigakafin a yau. Wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku ka yi gwajin anti-HBs, wato gwajin da ke auna garkuwar jikinka daga nau'in B. Idan ya kai 10 ko ya wuce, ka samu kariya. Idan an yi maka HBIG, sai a jinkirta wannan gwaji zuwa wata 6, don kada garkuwar aro ta ruɗe sakamakon.

Ciwon hanta nau'in C ba shi da rigakafi, ba shi da maganin sha bayan hatsari. Hatsarinsa ta allura bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin yi shi ne bibiya: gwajin ƙwayar kanta a mako na 3 zuwa na 6, gwajin garkuwa a wata na 4 zuwa na 6. Idan ya bayyana, magungunan yanzu irin su sofosbuvir da daclatasvir suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a mako 12.

Za a ɗebi jininka yau, kuma kada ka ce a bari sai an kwana biyu. Gwajin yau ba zai nuna abin da ya faru jiya ba, matsayinka kafin hatsarin yake nunawa: ƙanjamau, HBsAg (gwajin ƙwayar nau'in B), anti-HBs, nau'in C, aikin ƙoda da na hanta. Amfaninsa biyu. Shi ne shaidarka idan wani abu ya bayyana daga baya cewa a bakin aiki ka same shi. Na biyun kuma ya shafi lafiyarka kai tsaye. Tenofovir da lamivudine suna danne ƙwayar nau'in B, saboda haka wanda yake da ita bai sani ba, idan ya sha kwana 28 ya daina, hantarsa na iya tashi da kumburi mai tsanani. Dole likita ya sani tun farko. Gwajin ƙanjamau za a maimaita a mako na 6 da wata na 3, wasu likitocin suna ƙarawa da wata na 6. Ka rubuta ranakun a wayarka kafin ka bar asibitin.

Maganin kan kawo tashin zuciya, ciwon kai, kasala ko rashin barci a makon farko. A nan mutane da yawa suke yar da shi, kuma PEP na kwana goma ba PEP ba ne. Idan yana hana ka barci ka mayar da shi safe. Ka tsayar da lokaci ɗaya. Idan ka manta ka tuna a ranar, ka sha nan take, amma kada ka haɗa biyu. Maganin gyambon ciki mai kama da alli, da ƙwayoyin ƙarin jini, da na kalsiyam, suna riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. Ka sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Idan kana shan maganin tarin fuka ko metformin na ciwon suga, ka faɗa wa likita. Jiƙe-jiƙen wankin ciki da na shawara ka bar su gaba ɗaya a wannan lokaci, hanta da ƙoda suna da aikin da ya ishe su.

Matsewar da ka yi da zuba Jik ba su ƙara maka kariya ba. Matsa wurin ba ya fito da ƙwayar, yana dai ƙara murje naman, bilic kuma yana ƙona shi. Abin da ake yi shi ne a cire safar, a bar jinin ya fita da kansa, a wanke da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu, a rufe da filasta mara shan ruwa. Ba a tsotsa da baki. Idan ido jini ya fantsama, a buɗe shi a kwarara ruwa mai tsafta ko ruwan gishirin ƙarin ruwa na kusan minti 15, daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara cikin ɗaya idon. Idan baki ne, a tofar a kuskure sau da yawa. Jinin da ya taɓa lafiyayyar fata, wadda ba ƙuje ba tsagewa, sabulu da ruwa sun wadatar, ba ya buƙatar PEP. Sai dai kaushin hunturu da tsagewar gefen farce ƙofa ce, a rufe su da filasta kafin a fara aiki.

Ka kuma sa ido kan zazzaɓi har kwana 21. Zazzaɓin Lassa yana bi ta jini da fitsari da amai, ya fi yawa a rani, kuma ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda yake kashewa kusan duk shekara. Majinyacinka hatsarin mota ne ya kawo shi, don haka yiwuwar kaɗan ce. Duk da haka, idan zazzaɓi ya zo bai ji maganin maleriya ba, ka gaya wa likita labarin allurar, ko ka kira 6232, lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Zazzaɓi da ƙuraje da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a mako na 2 zuwa na 4, ko ido ya yi ɗorawa fitsari ya koma kalar shayi a watannin da ke tafe, duk dalilin komawa asibiti ne ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba.

Batun maiɗakinka: ka faɗa mata yau, bayan ka dawo da maganin a hannu. Ɓoyewa ba za ta yiwu ba, domin za ka yi amfani da kwaroron roba har sai gwajin ƙarshe ya fito, kuma miji ya ɓullo da wannan ga mace mai ciki ba tare da bayani ba, zargin da zai haifar ya fi gaskiyar ciwo. Ka ce mata abin da ya faru kamar yadda ka rubuto mana: a wurin ceton rai allura ta soke ka, likita ya ba ka maganin kariya na kwana 28, yiwuwar kamuwa ƙarama ce, kuma kana ɗaukar matakin ne saboda ita da abin da ke cikinta. Dalilin tsananta wannan shi ne, macen da ta kamu da ƙanjamau tana tsakiyar goyon ciki ta fi saurin ba jariri, domin a farkon kamuwa ƙwayar ta fi yawa a jini. Nau'in B ma haka: babba idan ya kamu, kusan kashi 95 cikin 100 jikinsu yana kawar da shi, amma jaririn da ya ɗauka wurin haihuwa, 9 cikin 10 suna rayuwa da shi. Ku je awo tare a gwada ta. Idan ba ta da shi kuma ba ta da kariya, ana yi wa mai ciki rigakafin, ba ya cutar da cikin. Jaririn kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu. Cin abinci a kwano ɗaya, buta, shimfiɗa, ɗaukar yara, babu komai a cikinsu. Reza, buroshin haƙori da abin yankan farce ne kowa ya riƙe nasa. Kada ka ba da gudummawar jini sai an sallame ka.

Shawarar abokin aikinka ba daidai ba ce. Ka rubuta rahoto ga shugabanka: rana, lokaci, irin allurar, yatsan da ta shiga, abin da kake yi, da abin da aka yi maka bayan nan, ka riƙe kwafi. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta hana a kori ma'aikaci saboda matsayinsa, kuma sakamakon gwajinka sirri ne tsakaninka da likita. Rahoton ne kuma zai ba ka bakin neman gyara a motar, don abin da ya same ka yana da sanadin da ake iya toshewa.

Ba a saka kanula mota tana tafiya. Ko a saka kafin a tashi, ko a ce wa direba ya tsaya. Minti ɗaya ne, kuma sau da yawa ya fi sauri a kan a yi ta lalube ana fasa jijiya a kan hanya mai ramuka. Kwalin zuba allurai ya kasance a ɗaure inda hannunka zai kai ba tare da ka juya ba, tsinke yana fita daga jijiya yana faɗawa ciki. Ba a aje shi a kan katifa, ba a soka shi a jikin kujera, ba a miƙa wa wani, ba a mayar masa da murfi da hannu biyu, domin a nan ne ake yawan soke kai. Idan dole sai an rufe, a aje murfin a kan abu mai faɗi a zura tsinken da hannu ɗaya. Kwali ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, kada a danna da yatsa don a samu wuri. Wanda jini ko ruwa ya jiƙa gindinsa a canza shi, tsinke na huda jiƙaƙƙen kwali. Idan za ka laluba aljihun wanda ya suma ko ƙarƙashin jikinsa, ka fara dubawa da ido da tocila.

Safar hannu ba ta hana allura shiga, amma tana share wani ɓangare na jinin da ke bayan tsinken, don haka sakawar da ka yi ta yi amfani. A wurin haɗarin mota, inda gilashi da yagaggen ƙarfe suke, a ɗora safa mai kauri a kan ta roba lokacin ciro mutum, a cire ta idan an zo kan rauni. Kowane majinyaci da tasa safar, ko da mutum biyar ne a kwance. Ba a wanke ta a sake sakawa. Basilin da man shafawa suna cinye safar roba ta latex, zafin mota da ke tsaye a rana ma yana busar da ita ta riƙa yagewa, don haka kada a bar kwalinta a gaban gilashi. Wurin cirewa, a kama bayan ta farko daga wuyan hannu a juye ta, a dunƙule ta a ɗaya hannun, a zura yatsa ta cikin ta biyu a juye ta a kanta. Sai wanke hannu: sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, ko sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60, kuma idan ana ganin jini a hannun sabulu ne dole. Waya, biro da sitiyari su ne wuraren da jini ke bi ya koma gida, domin da safar ake taɓa su. Inda jini ke tsartuwa, ko haihuwa, ko zuƙe majina, a sa tabarau da takunkumi. Numfashi kuma da jakar ambu (jakar da ake matsawa ta hura wa majinyaci iska) ake bayarwa ko abin rufe baki mai bawul, kada a sa baki a bakin da ke cike da jini.

Wankin motar yana buƙatar awo, domin ƙwayar nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Ƙarfin bilic da ake so ga jini shi ne kashi 0.5 cikin 100. Ka duba jikin robar. Idan an rubuta kashi 3.5, kofi ɗaya na bilic ne a kofi shida na ruwa. Idan kashi 5 ne, ɗaya a tara. Kullum ake haɗa sabo a rufe shi daga rana, na jiya ya sane. A fara kwashe jinin da takarda ko tsumman da za a yar, a wanke da omo, sannan a shafa bilic a bar shi jiƙe minti 10. Zuba shi a kan gudan jini ɓarna ce, jinin yana kashe ƙarfinsa kafin ya kai ƙasa. Bayan nan a goge ƙarfe da ruwa, in ba haka ba tsatsa za ta ci gadon. Kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum a rufaffiyar mota. A bi bel ɗin gado, ƙarƙashin katifa, hannun ƙofa, almakashi da abin awon jini. Katifar da ledarta ta yage soso ya sha jini ba ta wankuwa, sai canji. Kuma kada a miƙa motar ga yaran wankin mota da jini a ciki su shiga da silifa da hannu tsirara suna fesa ruwa. Kayan aikinka da suka ɓaci ka ƙulle su a leda, a wanke su daban da safa a hannu, kada su shiga bahon wankin yara.

Shi kuma abokin aikin naka da ya sha soke kansa bai ga komai ba, nau'in B da C suna shekaru ba su nuna alama ba suna cin hanta. Ka ja shi ku je tare, da direbanku, tunda shi ma yana ɗaukar majinyaci yana wanke mota. A fara gwada su. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa allura ta farko a ranar, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wanda aka samu da ita rigakafi ba zai amfane shi ba, likitan hanta za a tura shi a duba yawan ƙwayar da lafiyar hantar, a kuma gwada iyalinsa.